Kunnen da Ta Bari a Sito

Takarda kawai aka aike ta ta ɗauko. Ana gab da magariba, ɗaliban ajin zane sun watse, Malam ya tsaya a kan aikinta yana kaɗa kai, ya ce wannan ma bai yi ba, ta je sito ta ɗauko babbar takarda ta sake sabo.

'Yar Gawayi ake ce mata a makarantar, kuma sunan ya bi ta da gaskiyarsa. Duk abin da ta taɓa sai ta bar masa shaida: kofi, mayafi, kumatun ƙawayenta, har makunnin fitilar ajin. Shekararta ta ƙarshe ke nan. Zane goma sha biyu ake so ta kai gaban masu jarrabawa, sha ɗaya sun haɗu, na ƙarshen ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga ranar miƙawa saura kwana uku.

Yadda take aikinta ma daban yake. Sauran ɗalibai fensir suke ɗorawa a kan farar takarda. Ita kuwa sai ta fara mulke takardar da gawayi ta yi baƙi ƙirin, sannan ta riƙa gogewa tana fito da haske, har siffa ta leƙo daga cikin duhun. Kilinar gogewa ba ta kwana biyu a hannunta ba ta ɓata ba, don haka ta koma amfani da tsakiyar burodi, ta mulmula ta dangwala, ya kwashe gawayin tas. Ɓawon kuma ta jefa a baki. Yayarta, wadda suke zaune ɗaki ɗaya, takan ce ita dai ba ta taɓa ganin mai cin kayan aikinta ba sai ƙanwarta.

Abin da za ta zana kuwa ba a fuskar mutane take nemansa ba, a bango take nema. Inda ruwa ya jiƙa siminti ya bar tabo, inda fenti ya ɓare, inda hayaƙin risho ya lashi silin, nan take ganin tsoho ya sunkuya, ko mace ta juya baya, ko jariri yana hamma. Sai ta tsaya cak a tsakiyar titi tana kallon katangar mutane, masu babur suna ta yi mata hon.

"Ke da kallon bango," in ji Yaya, "wata rana bangon ne zai kalle ki."

Malam kuma laifi biyu yake kama ta da su kullum, har 'yan aji sun haddace. Na farko, ba ta barin ko kusurwa ɗaya fara. "Ki bar wa takarda wurin numfashi," yakan ce. "Wanda zai kalli zanen nan ta ina zai shiga, ta ina zai fita?" Na biyu, duk siffar da ta tono daga bango, idan aka zo kan fuska, nata kayan take ba ta. Tsohon nan da hancinta ya fito, jaririn ma da haɓarta. Ba da gangan take yi ba. Hannu ne idan bai sami abin kallo ba sai ya koma ga fuskar da ya fi sani.

Ta saka ragowar burodinta da sandar gawayi a aljihun rigar aiki, ta ɗauki allon zanenta, ta bar jaka da waya a kan tebur tunda yanzu za ta dawo.

Siton yana ƙarshen dogon baranda, bayan ajin masu sassaƙa. Baba maigadi ya buɗe mata kwaɗon yana duban sama.

"'Yata, ki yi maza. Zan je in yi salla in dawo in rufe."

"Minti biyar, Baba."

"Haka kuke cewa dukanku."

Ta tokare ƙofar da tsohon gwangwanin fenti ta shiga. Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya ce can sama kusa da silin. Warin danshi da na tsohon fenti ya cika shi. Kawunan filasta da ake koyon zane da su suna jere a kan wata kanta, wasu ba hanci, wasu ba kunne. A wani wuri cikin bango ruwa yana ɗiga daga bututu, ɗis, ɗis, ba gaggawa.

Takardun suna jingine a bangon ƙurya, bayan wasu alluna. Ta janye allunan ɗaya bayan ɗaya, ta zaro takarda, sai ta ga abin da suka rufe.

Tabon danshi ne, tsawon mutum. Ga kafaɗa, ga wuya, ga kai ya ɗan karkata kamar mai sauraren magana ta bayan ƙofa. Inda fuska ya kamata ta kasance kuwa fili ne sumul, ba komai. Murna ce ta kama 'Yar Gawayi, ba tsoro ba. Wata uku tana yawon neman wannan, ashe yana nan bayan ajinsu. Wani mai hankali da sai ya ɗauki takardarsa ya fita ya dawo da safe. Ita kuwa ta san halin danshi, gobe yana iya bushewa ko ya bazu ya zama wani abin. Ta maƙala takardar a allo, ta zauna a kan wani akwati, ta juya wa ƙofa baya.

Ta kwantar da sandar gawayin ta fara mulkewa. Sama zuwa ƙasa, hagu zuwa dama, kusurwa zuwa kusurwa, ba ta bar ko ɗigon fari ba. Sannan ta tsinki burodi ta mulmula, ta ja layi ɗaya a can sama, hasken tagar ke nan. Hannunta ya ɗan goce, layin ya fito a karkace.

Ta ɗaga kai don ta dubi tabon.

Ɗakin ya yi duhu.

Da farko ta ɗauka wuta aka ɗauke, sai ta tuna ai ba ta kunna fitila ba. Hasken baranda ne yake shigowa ta ƙofa, kuma yanzu babu shi. Ta ce iska ce ta turo ƙofar. Ta ajiye allon ta miƙe tana laluba, ƙafarta ta yi karo da gwangwanin fentin, ya yi ƙara. Yana nan inda ta ajiye shi. Ta miƙa hannu ta kama ƙofa.

Bango ta taɓa, mai sanyi, mai laima.

Ta shafa dama, ta shafa hagu. Ta bi bangon da tafin hannu har kusurwa, ta juya, ta wuce kantar kawunan filasta, ta sake juyawa, ta sake, har ƙafarta ta dawo kan gwangwanin. Bango huɗu, ba ƙofa, ba ko tsagar da ƙofa take zama.

"Baba!" ta kira. "Baba, an rufe ni!"

Muryarta ba ta je ko'ina ba, kamar ta yi magana a cikin matashi. Ta daki bangon da hannu har ya yi zafi. Ruwan ya ci gaba da ɗiga abinsa.

Sai ta ɗaga kai ta dubi tagar. Ba tagar da ta gani da shigowarta ba ce. Layin haske ne guda ɗaya, siriri, a karkace, daidai inda hannunta ya goce. Ta dubi takardar, ta dubi sama, ta sake duban takardar. Ta koma kan akwatin ta zauna. Ɗakin ya bi takardarta, ita kuma ba ta bar masa ƙofa ba.

Warin fentin ya ɗauke. Wani wari ya maye gurbinsa, irin na toka idan aka zuba mata ruwa.

"Kin fara," in ji wata murya.

Ba ta da ƙarfi, ba ta namiji ba ce, ba ta mace ba. Daga bangon ƙurya take fitowa, a shaƙe, irin ta wanda yake magana bakinsa a rufe.

"Ki ƙarasa."

"A'uzu billahi," 'Yar Gawayi ta ce. "Wane ne?"

"Shekaru ina tsaye. Ba wanda ya gan ni sai ke. Ki ƙarasa."

"In na ƙarasa za a buɗe mini?"

Ruwa ya ɗiga sau uku kafin a amsa.

"Ki ƙarasa."

Ta laluba aljihu. Burodin da ya rage bai kai rabin tafin hannu ba, kuma ta san halinsa, kowane mulmule sau ɗaya yake aiki, da ya sha gawayi ya gama. Tsoro ya hana ta tunani. Abu ɗaya ta riƙe, a ba shi abin da yake so ko ya sake ta. Ta ɗora allon a cinya, ta karkata shi wajen siririn hasken, ta fito da kafaɗa, ta fito da wuya, ta zagaye kan. A jikin bango tabon yana ƙara fitowa, yana yin kauri.

Ta fara da kunne, don shi ne nesa da ido.

Ba abin da za ta kalla, fuskar bangon fili ce. Hannunta ya yi abin da ya saba. Ya lanƙwasa saman kunnen, ya sauko, ya ɗiga huji biyu a ƙasa, na biyun a ɗan karkace. Yaya ce ta huda mata shi da allura suna yara, hannunta yana rawa, suka sha faɗa ranar.

Tana ɗaga yatsa, ɗigar ruwan ta koma gefe ɗaya. Ta kunnen dama kawai take jinta. Ta girgiza kai, ta ɗauka tsoro ne ya toshe mata kunne.

"Baki," in ji muryar.

Ta tsinki burodi. Leɓen sama, leɓen ƙasa, ɗan tabon da ta samu ranar da ta faɗo daga keke. Sai da ta gama tabon sannan ta gane na wane ne. Ta buɗe baki za ta ce wayyo.

Babu abin da ya fito.

Ta sake gwadawa. Iska kawai. Ta taɓa leɓenta, suna nan, amma kamar na kan filasta.

"Yauwa," aka ce daga bango.

Da muryarta aka faɗa. Muryarta sak, har ɗan kaushin da take yi idan ta yini ba ta sha ruwa ba.

Ta kai hannu kunnenta na hagu, ta murza shi da ƙarfi. Ba ta ji ko motsin yatsunta ba.

Can sai ga takun silifas a baranda, yana matsowa. Ya tsaya a bayan bangon da ya kamata ya zama ƙofa.

"'Yata? Ke kika turo ƙofar? Kina ciki?"

Ta zabura ta faɗa kan bangon tana duka da hannu biyu. Ta yi ihu, ihun bai wuce maƙoshinta ba.

"Ina ciki, Baba," in ji bangon, a natse, har da 'yar dariya. "Aiki ne ya kama ni. Ka rataye mini kwaɗon, ni zan rufe."

"Ku dai ɗaliban nan. To, kar ki daɗe."

Kwaɗo ya yi ƙara a jikin ƙarfe. Silifas ɗin ya juya. Ta bi shi da kunnenta ɗaya har ya ɓace.

Ta zame ƙasa, ta jawo allon kan cinyarta. Hawaye ya zubo mata, ya haɗu da gawayi ya shiga bakinta. Ta tuna Yaya, yanzu ta dawo daga aiki ta ɗora ruwan zafi tana duban agogo. Idan ta ƙarasa zanen nan, wani abu zai fita daga ɗakin nan da fuskarta, ya hau mota, ya buɗe ƙofarsu ya ce Yaya sannu da gida. Ita kuma ta tsaya a bango.

"Saura idanu," in ji muryarta.

Sanyi ya matso kusa da ita. Ba ta ɗaga kai ba, amma ta ga siririn hasken ya ragu, wani abu ya tsaya tsakaninta da shi. Ruwa ya ɗiga a kan takardar.

Ta laluba aljihu. Ɗan gutsuren burodi ɗaya ya rage, bai fi ƙwayar wake ba.

Na idanu biyu ne, in an yi a hankali.

Ko na layi ɗaya.

Ta fara karanto addu'a a zuci tunda baki ya ƙi. Ta mulmula burodin tsakanin yatsu biyu. Ta kai shi saitin fuskar, daidai inda idon dama zai zauna. Sanyin ya sunkuyo, tana jin sa a goshinta. Shi ba ya gani tukuna, sauraro yake yi, da kunnenta.

Ta goga farcenta a wurin idon, ƙir, ƙir, don ya ji ana aiki.

Ɗaya hannun kuma, mai burodin, ta zame shi a hankali zuwa gefen takardar.

Ta dangwala a sama. Ta ja ƙasa.

Layi ɗaya, fari, a tsaye.

A bayanta haske ya tsaga bango.

"Ba nan ba!" muryarta ta yi ƙara.

Hannu mai sanyi, jiƙaƙƙe, ya damƙe wuyan hannunta. Burodin ya faɗi. Ta buɗe ɗaya tafin, wanda ya yi baƙi ƙirin da gawayi, ta dirje fuskar zanen da shi iya ƙarfinta. Bakin ya shafe. Ihun ya yanke a tsakiya, ya dawo cikin maƙoshinta, ya fito da sunan Allah.

Riƙon ya yi sako-sako. Ta fizge, ta jefar da allon, ta yi wajen hasken.

Ƙofar ba ta fi faɗin layin da ta ja ba. Ta cusa kafaɗa, ta cusa kai, siminti yana kankare mata kumatu. Rigar aikinta ta maƙale. Ana jan ta ta baya. Ta zare hannuwanta daga rigar ta bar ta can, ta faɗo kan simintin baranda da gwiwoyi.

Ko isha ba a kira ba. Baba maigadi yana zaune a kan bencinsa da rediyo, ya gan ta tana rarrafe, fuska baƙa, hannu yana jini.

"Subhanallahi! 'Yata, ba yanzu kika ce mini aiki kike ba?"

"Ba ni ba ce, Baba," ta ce. "Ka rufe. Don Allah ka rufe."

Bai ƙara wata tambaya ba. Ya je ya ja ƙofar, wadda take nan da faɗinta kamar kullum, ya datse kwaɗon, ya raka ta har bakin titi yana tofa mata addu'a.

Kwana biyu tana kwance da zazzaɓi, Yaya tana shafa mata ruwa tana kuka tana cewa da ma bakinta ya karye ranar da ta yi maganar bango. A rana ta uku ta tashi ta zana na sha biyun da fensir: ƙofa a buɗe, fiye da rabin takardar fari fat. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yau dai ta ji magana. Ta ci jarrabawarta. Gawayi kuwa ba ta ƙara taɓa shi ba, sunan ne kawai ya ƙi barinta. Idan tana tafiya a titi, ƙasa take kallo.

Da aka buɗe siton an sami allon da rigar, ba a sami takardar ba. Tabon yana nan, fuskarsa fili kamar da, sai dai a gefe ɗaya akwai kunne mai huji biyu. Tafin hannunta bai kai ga kunnen ba lokacin da ta dirje zanen. Ta roƙi Malam aka yi wa bangon fenti, aka jera alluna a gabansa. Baba ya ce mata bayan wata ɗaya danshin ya huda fentin ya dawo.

Likita ya leƙa kunnenta na hagu da fitila ya ce lafiyarsa ƙalau, bai ga dalilin da zai hana ta ji ba. Ba ta gaya masa cewa tana ji ba. Ba dai abin da yake kusa da ita take ji ba. Ko a kasuwa take, ko a mota, ko Yaya tana ta zuba mata labari, kunnen nan ɗigar ruwa yake kawo mata, ɗis, ɗis, da ɓera idan ya bi ta kan kantar kawunan filasta. Ta saba, har takan yi barci da shi.

Shekara ta zagayo, an ɗauki sababbin ɗalibai. Ita tana aiki a wani shagon buga littattafan yara, can ɗaya ƙarshen gari, tafiyar awa guda in hanya ta cushe. Wata ranar Talata, gab da magariba, tana wanke kofuna a gida, sai ta ji ƙarar kwaɗo a kunnen hagu. Ta ji an tura gwangwani da ƙafa. Ta ji ana janye alluna, ɗaya bayan ɗaya.

Sai muryar wata yarinya, cike da murna.

"Kai! Zo ki ga wani abu a bango. Har da kunne."

"Ni na tafi," wata ta amsa daga nesa. "Ki same ni a aji."

Kofin ya suɓuce daga hannun 'Yar Gawayi ya fashe. "Fita!" ta yi ihu. "Ki fita, kar ki zauna!" Yaya ta fito a guje tana tambayar wa take yi wa magana. Ihun a ɗakinsu ya tsaya, don kunne ta bari a can, bakinta ta taho da shi.

Ta rarumi waya da jiƙaƙƙen hannu ta kira Baba maigadi. Lokacin sallarsa ne, kuma ta san a kan benci yake barin wayar. Ta manna ta a kunnen dama tana jin tana ta ƙara ba a ɗauka ba. A kunnen hagu kuma an ja akwati an zauna, an maƙala takarda a allo, gawayi ya fara bin ta daga sama zuwa ƙasa.